Gudumar Inji: In Haɗa da Kaina Ko In Sayi Ta Kamfani?

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum Malam. Ni maƙeri ne, na kai shekara 19 ina ƙira, kuma da ita nake riƙe da iyalina. Yawancin aikina gatari ne da fartanya da wuƙaƙe, sai kurfi da madoshi da magina suke saya. Tun bara kafaɗata ta dama take damuna, yaron da yake yi mini dukan babbar guduma kuma ya sami wani aiki ya tafi, har ta kai aikin da nake gamawa a yini guda yanzu sai ya kwana biyu a hannuna. Shi ya sa na ƙudura niyyar mallakar gudumar inji. Ƙanena yana cewa sayenta asarar kuɗi ce, tunda ina da injin walda kuma hannuna ya faɗa a kanta, in nemi tsofaffin ƙarafa in haɗa tawa kamar yadda muke gani a bidiyo. Wani abokin sana'ata kuma ya ce kada in kuskura, wai haɗin gida ba ya ƙarko kuma yana iya raunata mutum. Abin da na tara zai sayi ƙarama sabuwa, amma ba zai bar mini kuɗin ƙarfe da gawayi ba. Don Allah Malam a ba ni shawara.

Daga wani maƙeri mai bin wannan shafi.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba kafaɗar lafiya. Kafin mu shiga maganar inji ina roƙonka ka kai ta a duba, domin inji zai ɗauke mata nauyi, amma ba zai warkar da abin da ya riga ya taɓu ba.

Na ga gudumar haɗin gida da ta yi shekaru tana aiki ba ta taɓa ba mai ita kunya ba, na kuma ga wadda aka jingine a bayan maƙera tun watan da aka gama ta, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Duk lokacin da na duba abin da ya raba su, abubuwa uku nake tararwa: nauyin uwar maƙerar da ke karɓar dukan, saitin hanyar da kan gudumar yake hawa da sauka a cikinta, da kuma yadda injin yake jin maganar ƙafar mai shi. Wannan na ukun shi ne mutane suka fi mantawa da shi, alhali tun farkon tarihin waɗannan injuna shi ne abin alfahari. Injiniyan nan ɗan Sikotland, James Nasmyth, wanda ya zana gudumar tururi a 1839 ya kuma yi mata rajista a 1842, idan baƙi suka zo kallon injinsa yakan ɗora ƙwai a bakin ƙaramin kofin gilas, ya sauko da kan gudumar a hankali har ya fasa ɓawon ƙwan ba tare da kofin ya tsage ba, sa'an nan ya saki dukan da ke girgiza ginin duka. Injin da ba ya iya taɓa bakin wuƙa a hankali, komai ƙarfinsa, zai ɓata maka aiki fiye da yadda zai gyara.

Ya kamata ka san irin injunan da ake magana a kansu, domin kalmar gudumar inji ta tara abubuwa mabambanta. Akwai mai sifirin: moto, wato injin lantarkin da ke juyawa, yana juya wani faifai mai ƙusa a gefensa, ƙusar tana ɗaga kan guduma tana sauke shi ta hanyar hannaye biyu da sifirin a tsakaninsu. Sifirin ɗin shi ne ran injin, domin shi yake wurga kan gudumar ƙasa da ƙarfi, shi kuma yake shanye bambancin kauri idan ƙarfen da ake duka ya yi kauri ko ya yi siriri. Da a ce sanda ce sandararriya a wurinsa, da dukan farko a kan ƙarfe mai kauri ya karya wani abu. Mafi shahara a wannan jinsi shi ne Little Giant, wanda aka fara ƙerawa a garin Mankato na jihar Minnesota a Amurka tun 1895, a girma na fam 25, 50, 100, 250 da 500. Lambar nan nauyin kan guduma ce kawai, ba ta injin duka ba. A irin wannan inji sauri da ƙarfi tare suke tafiya: ka taka feda kaɗan ya yi duka a hankali marar ƙarfi, ka danne ta ya yi sauri da ƙarfi gaba ɗaya.

Sai mai iska wanda yake matsa iskarsa da kansa. Silinda biyu gare shi, ta baya tana da fistin da moto ke turawa, ta gaba kuma kan guduma ne a cikinta, iskar tana kai da komo tsakaninsu ta bawul ɗin da feda ke buɗewa. Yawan dukansa a minti ba ya canzawa, ƙarfin dukan ne kawai ƙafarka take ragewa ko ƙarawa, wannan ne ya sa ya fi kowane daɗin sarrafawa. A da kamfanin Massey na Manchester a Ingila, da Nazel na Amurka, da Bêché na Jamus su ne suka yi suna a kansa, a yau kuwa waɗanda suka fi yawa a kasuwa na ƙasar Sin ne masu lamba C41, irin na Anyang, da na Turkiyya irin su Sahinler da Say-Mak. Wannan nau'i ba abin haɗawa a gida ba ne, sai ga wanda yake da injunan sassaƙar ƙarfe na sosai. Na uku shi ne mai silinda ɗaya da ke shan iska daga kwamfuresa ta daban. Haɗa shi yana da sauƙi, zanen wani Ba'amurke mai suna Ron Kinyon ya yaɗu a tsakanin maƙera saboda haka, amma yana shan iska kamar rijiyar da ba ta cika, kuma sau da yawa kwamfuresar da za ta ciyar da shi ta fi shi kansa tsada. Idan ba ka riga ka mallaki babbar kwamfuresa ba, ka cire wannan daga lissafinka.

Game da girma, akwai tsohuwar ƙa'ida da masana'antun ƙira suke aiki da ita, cewa kowane inci ɗaya murabba'i na kaurin ƙarfe yana son fam 50 na kan guduma, wato kimanin kilo 23. Ma'ana, sandar ƙarfe mai inci 1 a kowane gefe ta dace da kilo 23, amma mai inci 2 a kowane gefe inci huɗu ce murabba'i, tana son kusan kilo 90. Ƙananan maƙera suna wuce wannan iyaka kullum, suna dukan ƙarfe mai inci 2 da injin kilo 23, sai dai suna biya da yawan komawa wuta, wato gawayi da lokaci. Wuƙa da kurfi da fartanya ba za su wahalar da ƙaramin inji ba. Gatarin ne zai yanke maka hukunci, don haka ka auna kaurin ƙarfen da kake fara gatari da shi kafin ka ambaci kowace lamba ga mai sayarwa. Ka kuma sani cewa nauyi ba shi kaɗai ke yin duka ba: idan saurin saukowar kan guduma ya ninka sau biyu, ƙarfin dukan yana ninkawa sau huɗu, shi ya sa mai iska na kilo 15 yakan yi aikin da ya fi ƙarfin lambarsa.

Yanzu ga batun haɗawa, kuma a nan nake son ka tsaya ka natsu. Abin da bidiyo ba ya nuna maka shi ne abin da ke ƙarƙashin haƙorin ƙasa, wato guntun ƙarfen da ake ɗora jan ƙarfe a kansa, haƙorin sama da ke jikin kan guduma ya sauko ya dake shi. Duk dukan da kan guduma ya kai, ko dai ya shiga cikin jan ƙarfen ya miƙe shi, ko ya wuce ya girgiza inji da ƙasa, kuma nauyin uwar maƙera ne yake raba wannan gardama. Maƙera da yawa suna neman uwar ta ninka kan guduma sau 10, manyan injunan masana'anta suna kai ninki 15 zuwa 20, akwai kuma na haɗin gida masu ninki 6 ko 7 da suke aiki, amma suna zubar da wani kaso na ƙarfinsu a ƙasa. Ga kan guduma mai kilo 23, kana neman dunƙulallen ƙarfe mai kilo 200 zuwa 230. Lissafin ba shi da wuya, domin kowane santimita ɗaya cikakke na ƙarfe, tsawo da faɗi da tsayi, yana da nauyin giram 7.85. Mulmulalliyar sanda mai faɗin santimita 20 da tsayin santimita 90 tana da kusan kilo 222, amma mai faɗin santimita 15 da tsayi iri ɗaya kilo 125 ce kawai. Santimita biyar ɗin nan da ido yake rainawa ta cinye kusan rabin nauyin, saboda haka idan za ka shiga wurin masu tsofaffin ƙarafa ka tafi da tef a aljihu, kada ka dogara da kallo.

Na taɓa ziyartar wani maƙeri da ya haɗa injinsa da kyau ƙwarai, waldarsa tsaf kamar an zana, amma da ya rasa dunƙulallen ƙarfe sai ya sami faffaɗan bututu ya cika shi da yashi da guntayen ƙarafa, ya liƙa faranti mai kauri a samansa. Da ya taka feda sai na ji dukan a tafin ƙafata kafin in gan shi a jikin ƙarfen. Awartakan da ke rataye a bango suna kaɗawa, injin yana matsawa gefe kaɗan-kaɗan kamar mai jin kunya, jan ƙarfen da ke tsakanin haƙoran kuwa har ya koma baƙi bai miƙe yadda ake so ba. Da muka kashe injin na shafa farantin, sai na ji tsakiyarsa ta lotsa, ga kuma siririyar tsaga ta fara bin waldar gefensa. Yashi yana da nauyi a kan sikeli, amma ba ya mayar da duka, haɗiye shi yake yi. Bayan wasu watanni ya sami tsohon shaf, wato mulmulalliyar sandar ƙarfe da ke juyawa a cikin inji, na wata masana'anta ya maye gurbin bututun da shi, bai canza moto ba, bai canza kan guduma ba, amma aikin da yake kai wa wuta sau uku ya koma sau ɗaya ko biyu. Idan dunƙulalle ya gagara, ana iya jera faranta masu kauri a tsaye, gefe da gefe, a haɗe su da walda ta yadda dukan zai bi tsawonsu. Kada a shimfiɗa su a kwance ɗaya kan ɗaya, domin kowace tazara da ke tsakaninsu tana satar ƙarfi.

Idan uwar ta samu, zanen da nake ba mutum irinka shawarar ya bi shi ne na guduma mai taya, wanda Ray Clontz ya ƙirƙiro a Amurka, Clay Spencer kuma ya fitar da cikakken zanensa ya yaɗa shi. Dabararsa ita ce tayar mota ta safaya tana zaune a saman injin a kan boris ɗin ƙafar mota, moto kuma yana kan ƙyaure mai motsi da ɗan ƙaramin gargare a bakinsa. Idan ka taka feda gargaren ya jingina da tayar ya juya ta, idan ka sassauta ya riƙa zamewa, idan ka ɗaga ƙafa birki ya kama. Taya ta zama kuloci ke nan, ba tare da an sayi kuloci ba. Kan gudumarsa kilo 23 ne, moto mai ƙarfin doki 1 yana juya shi a wutar gida mai layi ɗaya, kuma wannan babban abu ne ga wanda ba shi da wuta mai layi uku. Akwai wanda ya fi shi sauƙi, mai dogon sifirin na mota da ke lilo a kan ginshiƙi, ɗaya kai ga moto ɗaya kai ga guduma, amma yana cin wuri, kuma tsohon sifirin yakan ɓoye tsagar da ido ba ya gani. Ko wanne ka zaɓa, ka nemi zane mai ma'auni wanda mutane da yawa suka riga suka haɗa ya yi aiki, ka bi shi yadda yake. Injin farko ba wurin gwada basira ba ne, domin tsawon hannaye da taurin sifirin da saurin juyawa duk a ɗaure suke da juna, idan ka taɓa ɗaya sai injin ya riƙa duka ɗaya mai ƙarfi ɗaya marar ƙarfi, ko ya yi ta rawa a sama bai taɓa ƙarfen ba.

Ka ce hannunka ya faɗa a walda, kuma na yarda, amma ka tambayi kanka wace irin walda. Injin da ke duka sau 250 a minti yana kai duka 15,000 a awa ɗaya, kuma kowane duka yana neman inda walda ba ta shiga ciki ba. Ƙarfe mai kauri yana son a fiƙe bakinsa kafin a haɗa, a ɗumama shi, a yi amfani da sandar walda irin 7018 wadda aka adana a bushe, a kuma bi shi sahu-sahu. Zafin walda yana jan ƙarfe ya karkace, kuma a nan ne hanyar kan guduma take lalacewa: idan haƙorin sama bai sauka daidai a kan na ƙasa ba, duk sandar da ka daka za ta fito a karkace, awartaki kuma zai riƙa fizgar hannunka a kowane duka, kafaɗar da muke son hutarwa ita za ta sha. A yi hanyar da notunan saiti, a sa mata tagulla ko roba mai tauri a inda take gogayya, ta yadda idan ta ci za a iya matse ta. Ƙusar faifai da gargaren moto kuwa sai wanda yake da injin sassaƙar ƙarfe mai juyawa, haƙoran kuma suna son ƙarfe mai kyau irin 4140 da aka ba ruwa daidai, domin idan ya yi laushi zai lotsa, idan ya yi tauri fiye da kima zai ɓalle ya yi tsartuwa kamar harsashi. Maganar abokinka ta rauni tana da tushe a nan da kuma wajen sifirin. Ba a yi wa sifirin walda, ba a gasa shi, kuma dole a rufe shi da garkuwar ƙarfe mai kauri, domin a daidai fuskarka yake, ranar da zai karye kuma ba ya sallama.

Ka ce wa ƙanenka ya kawo takarda ku zauna tare. Ku rubuta uwar maƙera da kuɗin ɗaukarta, moto, boris, sabon sifirin, sandunan walda, faya-fayan yanka, ladan mai sassaƙa, ƙarfen haƙora, da kankaren da injin zai zauna a kai. Sa'an nan ku rubuta abin da kowa yake tsallakewa, wato kwanakin da za a rufe maƙera. Ka ɗauki ribar da kake samu a yini ka ninka da kwanakin, kuma ka lissafa da makonni, domin wanda yake haɗawa karon farko yakan ɓata lokaci wajen neman kaya da gyaran kuskure fiye da wajen walda, bayan an gama kuma akwai kwanakin saiti. Ga mai yin ƙira don sha'awa wannan lokaci daɗi ne. Kai da iyali ke jiran abin da ya fito daga wutarka, kuɗi ne tsagwaronsu.

Sayen sabo ma yana da nasa ɓoyayyun kuɗin. Ƙaramin C41 mai kilo 15 yana zuwa da moto mai kilowat 2.2, mai kilo 25 da kilowat 3, mai kilo 40 da kilowat 4, kuma yawancinsu wuta mai layi uku suke so sai in an nemi a canza moton. Irin wannan moto a lokacin tashi yana jan wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ci idan ya daidaita, don haka janaretan da lambarsa ta yi daidai da ta moton ba zai tashe shi ba. Ƙananan kuma gajeru ne, sai an yi musu gindi mai nauyi an ɗaga su zuwa tsayin aiki. Ka tambayi mai sayarwa ko yana da zoben fistin da bawul da haƙoran canji a ajiye, ka nemi littafin injin, ka kuma ce a tashe shi a gabanka. Abin da kake samu a madadin kuɗinka shi ne aiki tun makon farko, da sarrafawar da haɗin gida ba kasafai yake kaiwa ba, da kuma daraja idan wata rana ka so sayarwa, domin injin kamfani yana da masu nema, na haɗin gida kuwa sau da yawa da nauyin ƙarfensa ake taya shi. Shi ma na gidan yana da abin da ya fi na kamfani: babu wani ɓangare nasa da ba ka san shi ba, kuma duk abin da ya lalace a cikinsa da yamma, kafin hantsi ka gyara.

Shawarata gare ka ita ce kada ka zuba duk jarinka a inji ka zauna da maƙera babu ƙarfe babu gawayi. Ka ba kanka wata biyu kana neman uwar maƙera alhali kana ci gaba da aikinka. Idan ka sami dunƙulallen ƙarfe da ya kai kilo 200, ga zane mai ma'auni a hannu, ga mai sassaƙa da ka amince da shi, to ka haɗa mai taya, da yamma-yamma da ranakun da aiki ya yi sauƙi, ƙanenka kuma ya zo ya riƙe maka ƙarfe tunda shi ya kawo shawarar. Idan wata biyun suka cika ba ka samu ba, ka bar maganar haɗawa gaba ɗaya, kada ka lallashi kanka da bututu da yashi, ka ƙara tari ka sayi mai iska, na kilo 25 idan wutarka za ta ɗauka saboda gatarin, in ba haka ba na kilo 15. Kafin ɗaya daga cikin biyun, ka nemi wani mai gudumar inji ka roƙe shi yini guda, ka tafi da ƙarfen da kake yin gatari da shi, ka taka fedar da ƙafarka.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da ƙoƙari. Na sami tsohuwar gudumar inji mai sifirin a wani wurin aiki da aka rufe, jikinta ƙarfen zubi ne, ta yi tsatsa, kuma mai ita ya ce shekaru ba a tashe ta ba. Kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba. Me zan duba kafin in biya?

AMSA

Barka kadai, Malam. Tsatsar saman jiki ba ta tsorata ni, tsaga ce abin tsoro, domin ƙarfen zubi idan ya tsage waldarsa tana da wuya ƙwarai, kuma ba kasafai take jure duka ba. Ka tafi da buroshin waya da kananzir da alli. Ka kankare wuyan injin da kewayen ramin da haƙorin ƙasa yake zama, ka shafa kananzir ka bar shi ya jiƙa, ka goge tas, sa'an nan ka shafe wurin da garin alli. Bayan ɗan lokaci, idan akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige cikinta zai fito ya zana maka ita a kan farin allin kamar zare. Leɓen ramin haƙori shi ya fi karyewa, saboda masu dukan wejin da ke riƙe haƙorin da ƙarfin tsiya. Bayan haka ka sa sandar ƙarfe a ƙarƙashin faifan ka ɗaga, idan shaf ɗin yana motsi sama da ƙasa to mazauninsa ya ci. A tsofaffin injuna mazaunin nan farin ƙarfe ne mai laushi da ake narkawa a zuba, ana iya sake zuba shi, aiki ne mai yiwuwa amma ka sa shi a lissafi. Ka girgiza kan gudumar hagu da dama ka ga yawan wasan da ke hanyarsa, ka kuma ƙirga sassan injin, domin hannu ɗaya da ya ɓace a injin da kamfaninsa ya daɗe da mutuwa sai dai a ƙera shi daga farko. Sifirin kuwa ko ya yi kyau a ido ka canza shi.

Idan za a iya tashinsa, kada ka bari haƙoran su daki juna babu komai a tsakani. Ka sa katako mai kauri ka gwada taɓa shi a hankali, sa'an nan ka ƙara ƙarfi, ka ɗaga ƙafa ka ga ko ya tsaya nan take. Wajen ɗauka kuma ka yi hattara: Little Giant mai kan fam 50 yana kai kusan kilo 800, nauyinsa kuma a sama yake, saboda haka a ɗaure shi daga sama a ɗaga da abin ɗagawa na sosai, kada a tara matasa a ce a tura.

TAMBAYA TA UKU

Malam, maigidana maƙeri ne, maƙerarsa tana jikin katangar gidanmu, bayanmu kuma akwai maƙwabta. Yana son sa gudumar inji, ni kuma ina tsoron ƙara da tsagewar bango, ga yara. Ya ce idan ya haɗa da kansa ba za ta yi ƙara kamar ta kamfani ba. Haka ne?

AMSA

Malama, damuwarki tana kan hanya. Ƙarar ba ta san wanda ya haɗa injin ba, asali ma na haɗin gida mai ƙaramar uwar maƙera da ginshiƙin bututu yakan fi amo, domin bututun yana kuka kamar ganga. Bambancin da ke akwai shi ne mai sifirin yana shiru idan an ɗaga ƙafa, mai iska kuwa yana huci muddin motonsa na juyawa. Abin da ya fi damun maƙwabta shi ne girgizar da ke bin ƙasa, kuma maganinta a tushe yake: a haƙa wa injin raminsa daban, a zuba kankare mai kauri wanda bai taɓa daɓen maƙera ko harsashin katanga ba, a bar tazara kewaye da shi a cike ta da abu mai laushi, a kuma shimfiɗa katako mai tauri ko roba mai kauri tsakanin injin da kankaren. A nisanta shi da bango gwargwadon iko, a kuma yi magana da maƙwabta a kan lokutan aiki tun kafin a kawo shi.

Idan wurin ya yi ƙunci, akwai hanyoyi biyu da ya kamata maigidan ya duba. Ɗaya ita ce gudumar taki, wadda ba ta da moto, ƙafa ce ke sauko da kan, sifirin ya mayar da shi sama. Ba ta miƙe ƙarfe da sauri, amma tana maye gurbin yaron da ke duka a kan kurfi da madoshi, tana kuma barin hannaye biyu a sake. Ta biyu ita ce injin matsa ƙarfe mai aiki da mai, wanda yake danna jan ƙarfe a hankali ba tare da duka ba, don haka ba ya girgiza ƙasa. Yana da kyau ga ƙarfe mai kauri, amma yana shanye zafin siririn ƙarfe da wuri, kuma dole a rufe tiyoyin mansa da kyau, domin man da ya fesa a kan jan ƙarfe wuta ce. Shi kansa maigidan ya riƙa toshe kunnuwansa da sa gilashin kare ido, domin ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙara tana cin ji idan aka daɗe a cikinta yini bayan yini, dukan gudumar inji kuwa ya wuce haka nesa. Game da yara, a sa wa makunnin injin akwati mai kwaɗo, a kuma sa katako a ƙarƙashin fedar duk lokacin da aka tashi daga aiki, makullin ya zauna a aljihun maigida.